Godiya Bayan Dawowar Inna Daga Aikin Hajji

Alhamdulillahi, Inna ta sauke farali, jirginsu ya sauka lafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, yanzu haka tana gida tana karɓar 'yan barka da zuwa. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na kawo godiyata nan.

Abin da ya fi tayar mana da hankali kafin tafiyar shi ne zaman jirgi. Daga Kano zuwa Madina kilomita 3,500 ne da ɗoriya, kuma a da jirgi kan yi su cikin awa biyar ko ƙasa da haka, don yakan ratsa Chadi da Sudan ya haye Bahar Maliya kai tsaye. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka koma zagaye. Nasu Inna sai da ya yi kusan awa bakwai a sama. Tsohuwa mai ciwon suga da ciwon gwiwa, wadda ko zuwa Zariya a mota sai an lallaɓa ta, wallahi ranar ban runtsa ba.

Godiya ta musamman ga Hajiyar da Allah ya haɗa su kujera. Ba ta san mu ba, ba mu san ta ba, amma ita ta bar wa Inna kujerar bakin hanya, ita ke riƙe ta zuwa banɗaki, da ƙafafunta suka kumbura ta cire mata takalmi ta yi ta matsa mata su. Da jiri ya fara ɗibar Inna, ita ta ɓare dabino ta sa mata a baki, ta kira likita. Hajiya, in wannan saƙo ya riske ki, Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Haka ma malamar jinyar tawagar, da ta lura agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, ta zauna ta sake tsara wa Inna lokutan allurarta a takarda. Mu duk hankalinmu bai kai nan ba.

Yaya da Kawu da suka cika kuɗin kujera, malaman bita, maƙwabtan da suka raka mu sansanin alhazai, da samarin da suka tura kekenta wajen ɗawafi da sa'ayi, Allah ya biya ku, ya kira ku ɗakinsa.

Inna ta ce in isar da roƙo guda. Kakanta da ƙafa ya je Makka, ta El Fasher har Suwakin, ya yi shekaru a hanya, mutanen Sudan ne suka ci da shi suka shayar da shi. Wasu abokan tafiyarsa ma a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan suka zauna, zuri'arsu na can har yau. Ta ce duk wanda ya yi mata barka, ya sa mutanen Sudan a addu'a, Allah ya kashe wutar yaƙin nan. Amin.