Kalma mai harafi biyu ta raba ni da kwangila

Tun ranar Alhamis na gama ɗinka samfurin. Riga da wando na yara maza, doguwar riga da hijabi na mata, na goge su tsaf na sa a leda na rataye a shagona da ke Daura. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau ke nan: kwana huɗu cur kayan suna rataye, ni kuma ina jiran Litinin.

Wata makaranta ce mai zaman kanta a Katsina take neman telan da zai ɗinka wa ɗalibanta yunifom. Saƙon da aka turo mini ta WhatsApp ya ce "Submit your sample by 10 a.m. on Monday." Na karanta, na ce to, ƙarfe goma ranar Litinin. Ai haka muka saba gani a katin ɗaurin aure da na walima, "by 10 a.m.", kowa ya san nufinsu da goma za a fara. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar Litinin na yi sammako na tafi tasha, mota ta ƙi cika da wuri. Da muka wuce Mashi kuma taya ta yi faci. Goma da minti arba'in na shiga ƙofar makarantar, gumi ya jiƙa mini riga. Sakataren ya dubi ledar hannuna ya ce, "Malam, ai kwamiti ya riga ya zauna. Sauran teloli tun Juma'a suka kawo nasu." Na ce ba goma aka ce a zo ba? Ya ce a'a, goma aka rufe karɓa. Ko buɗe ledar bai yi ba.

Da daddare na nuna wa ƙanwata saƙon, ita malamar Turanci ce a firamare. Ta ce, "Yaya, 'by' ba 'at' ba ce. Da sun rubuta 'at 10', to daidai ƙarfe goma suke nufi. 'By 10' kuwa nufinsa kada ya wuce goma: ka kai yau, ka kai gobe, duk daidai ne, amma goma ce iyaka." Na yi shiru. Ashe da Asabar ɗin da na shiga Katsina sayen zare da maɓalli na tafi da kayan, da shi ke nan.

Sauran ƙa'idar ba ta ba ni wuya ba: "at" ga agogo, "on" ga rana da kwanan wata, "in" ga wata da shekara, kamar "in 2024". Inda ta ja mini kunne shi ne wuraren da Hausarmu ke jan mu. Mu "cikin sati biyu" muke cewa, sai mu rubuta "in two weeks", alhali mai karatu zai ɗauka sai bayan sati biyu. In kana nufin kafin sati biyun su cika, "within" za ka sa. "Since" tana son lokacin da abu ya fara, "since Thursday", tsawon lokaci kuma "for" ne, "for four days". Ana cewa "in the morning" amma "at night". Ita kuma "until" ta abin da ke ci gaba ne har lokacin ya yi, kamar shago a buɗe "until 9".

Amma duk cikinsu "by" ce ta tsaya mini a rai, domin ba rashin sani kaɗai ya cuce ni ba, sabo ne. Kowa a gari haka yake amfani da ita, masu buga kati ma haka, sai ka ɗauka daidai ne. Yanzu duk takardar da na ga "by" a ciki, ko ta banki ko ta makarantar yarana, ina cire kwana ɗaya in kai abin da aka nema. In na yi shakkar abin da mai rubutun yake nufi, kiran waya nake yi in tambaya da Hausa: da goma zan zo, ko kafin goma?

Samfurin yana nan a ledarsa. Wani maƙwabci ya nemi in sayar masa da rigar da wandon don ɗansa, na ce ya bari tukuna, zangon karatu mai zuwa makarantar za ta sake neman teloli.