Ranar da Allurar Ta Daina Ci

Ƙannena masu himofiliya, ciwon nan da jini ba ya daskarewa da wuri in ya fara zuba, ku matso in ba ku labarin gwiwata ta hagu, wadda har yau ba ta miƙewa sosai.

Nau'in A gare ni, wato jinina ba shi da sinadarin daskarewa da likitoci ke kira fakta 8. Tun ranar kaciya aka san da matsala, amma sai da na girma na fara samun allurar fakta, saboda tsada da ƙarancinta. Da farko abin kamar almara: jini ya zuba cikin gwiwa ta kumbura, a yi allura, kafin gari ya waye zafi ya lafa. Bayan allura goma sha wani abu sai ta daina ci. Kumburi na nan daram, fatar ta ɗau zafi tana sheƙi kamar an shafa mata mai.

Ni da wayona sai na ce jabu aka ba mu, ko kuwa ta lalace ranar da aka ɗauke wuta firji ya huce. Ban gaya wa likita ba. Na riƙa ninka allura, ta wata guda ta ƙare cikin mako, har na bi shawarar gwaggo ina gasa gwiwar da ruwan zafi. Wata uku ina wannan shirme.

Ashe jikina ne ke yaƙar maganin. Da yake garkuwar jikina ba ta saba da fakta 8 ba, sai ta ɗauke shi a matsayin baƙo, ta ƙera sojojin da ke manne masa su kashe ƙarfinsa tun bai yi aiki ba. Su ake kira inhibita. Kusan mutum 3 cikin 10 masu tsananin nau'in A na gamuwa da su, galibi cikin ranakun allura 50 na farko. A nau'in B ba su kai haka yawa ba.

Gwajin jini na Bethesda ne ke auna su. In ba su kai maki 5 a ma'aunin gwajin ba, ƙarin fakta na iya aiki. In sun haura, zuba ruwa ne a kwando, sai dai magungunan da ke zagaye fakta 8, wato su sa jini ya daskare ba tare da shi ba, irin su FEIBA da NovoSeven, ko Hemlibra da ake yi a ƙarƙashin fata don hana zubar jinin. Nawa sun haura da nisa.

Ku sayi ɗan littafi. Duk allura ku rubuta rana, da gaɓar da ta kumbura, da awa nawa zafi ya ɗauka kafin ya sauka. Da kun ga allura ba ta ci kamar da, ku je wurin likitan jini ku ce a gwada muku inhibita. Kada ku kai gaɓa wurin mai ƙaho, asfirin kuma ko kusa. Ni sai da gwiwa ta riga ta sandare na sayi nawa littafin.