Finol da sodiyam: kumfar ba ita ce hujja ba

A kan allo lissafin haɗuwar sinadarin finol (C6H5OH) da ƙarfen sodiyam (Na) gajere ne: 2C6H5OH + 2Na → 2C6H5ONa + H2. Sodiyam ya ture haidirojin ɗin da ke maƙale da oksijin a jikin finol, a sami gishirin sodiyam finoksaid fari, iskar haidirojin ta fita tana kumfa. Giram 0.94 na finol yana cin giram 0.23 na sodiyam, ya ba da haidirojin kusan mililita 120 a zafin ɗaki. A ɗakin gwaji kuwa, babban abin da aiki ke koya wa mutum shi ne kada ya amince da kumfar da ya gani.

Dalilin farko ruwa ne. Finol yana janyo laima daga iska, kuma wanda ake sayarwa a narke ana zuba masa ruwa kusan kashi 10 cikin ɗari da gangan. Sodiyam ya fi saurin afka wa ruwa, don haka kumfar da ta tashi da ƙarfi tun daga farko sau da yawa ta ruwan ce. Tsantsar finol daskararre ne mai narkewa a digiri 41. Da bazara a Sakkwato ko Maiduguri zafi kaɗai na iya narkar da shi a kwalba, amma idan aka gan shi ruwa-ruwa da damina ko lokacin sanyi, to ya sha ruwa, a ajiye shi gefe.

Ga yadda ake yi. A busar da kwalbar gwaji sarai, a zuba finol kamar giram 1, a ɗumama shi kaɗan har ya narke, sannan a kashe duk wata wuta da ke kusa. A ciro sodiyam daga man da yake ciki da hantsaki, a tsane shi da takardar tacewa, a kankare ɓawon, a yanko ɗan guntu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Finol ne ya kamata ya yi yawa, don kada ƙarfen ya yi saura. Kumfa za ta fara a hankali, daga baya ta ja baya, saboda gishirin da ke samuwa yana lulluɓe ƙarfen. A nan masu gaggawa ke sake kunna wuta, kuma kuskure ne: sodiyam na narkewa a digiri 98, da zarar ya narke lulluɓin ya tsage, aikin ya ɓalle gaba ɗaya. Potasiyam ma ya fi haɗari, tun a digiri 63 yake narkewa, kuma ba shi da gurbi a gwajin ɗalibai. Kada a kuskura a narkar da finol ɗin a kulorofom, haɗuwarsa da sodiyam fashewa ce.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci ga mai jarabawa. Ko da komai ya bushe, etanol ma yana kumfa da sodiyam, don haka gwajin bai nuna finol ya fi shi ƙarfin asid ba. Mai nuna hakan shi ne sodiyam haidiroksaid: finol, da pKa (ma'aunin ƙarfin asid, ƙaramar lamba ta fi ƙarfi) kusan 10, yana zama gishiri a cikinsa, etanol mai 16 kuwa kusan ba ya motsi. Sirrin yana cikin zoben benzin, wato zoben kabon shida da ke jikin finol, wanda ke rarraba cajin da ya rage a kan oksijin. Amma ƙarfin finol bai kai ya fitar da CO2 daga bakabonet ba. Hasali ma idan aka hura CO2 cikin ruwan finoksaid mai kauri, finol ɗin ne zai dawo, ruwan ya yi hazo-hazo.

Zaɓin ƙarfen ma yana da tasiri. A hanyar Kolbe da Schmitt, busasshen sodiyam finoksaid da CO2 a digiri 125 ƙarƙashin matsi mai yawa suna ba da salisilet, tushen asfirin. Da potasiyam a zafi mafi yawa, CO2 ɗin ya fi komawa gefen zoben da ke kishiyar oksijin, maimakon kusa da shi.

Ragowar sodiyam ba a zuba ta a magudana. A sa mata isofurofanol, wani ɗan'uwan etanol, kaɗan-kaɗan har kumfa ta ƙare, kafin ruwa ya taɓa kwalbar. Wutarsa busasshen yashi ke kashe ta. Finol kuma yana kashe jin zafi a fata, mutum ya ƙone bai sani ba sai wurin ya yi fari. A goge da PEG 400, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke ɗauke finol daga fata, in babu a sa ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti.