Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Tarar Sule Biyar

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya sauke ni a ƙofar makarantar kwana, da akwatin ƙarfe da ƙullin garin kwaki. To tun kafin yunwa da sauro su san da zuwanmu, dokar hana Hausa ce ta fara yi mana maraba.

Yawancinmu 'yan firamaren gwamnati ne. A takarda, tsarin ilimin ƙasa na wancan lokacin ya ce a koyar da yaro da harshen gida a shekaru uku na farko, daga aji huɗu a koma Turanci. A garinmu ba a taɓa komawar ba. Har aji shida malami kan karanta jimla a allo ya juya mana ita da Hausa. Sai ga mu a JSS 1 a 1994, ranar asambulin farko aka sanar cewa duk wanda aka kama yana "vernacular" zai biya sule biyar, in babu ya ɗauki lauje ya shiga ciyawa. Monita ke riƙe da takardar sunaye.

Makon farko ajinmu ya yi tsit kamar gidan makoki. Amma baki ba ya jure kulle, musamman idan ciki ya motsa.

Malamin Turancinmu ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ko "zo" bai sani ba. Wata rana ana dab da tashi, wani ɗan guntun yaro a layin gaba ya ɗaga hannu, fuska a marairaice, ya ce, "Sir, I am hearing hunger." Malam ya ajiye alli, ya kara tafin hannu a kunne, ya tambaye shi me yunwar ke cewa. Mu da muka gane abin da yaron ke nufi ba mu ga laifinsa ba, ai yunwa jin ta ake yi. Sai da malam ya yi bayani sannan dariya ta ɓarke, har da masu buga benci, alhali rabinmu da mu aka tambaya haka za mu faɗa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Wanda siniya ya zane zai dawo ɗaki ya ce "I drank beating". Ranar da muka lallasa 'yan aji biyu a ƙwallo, kyaftin ɗinmu ya je ya shaida wa malam, "We ate them two zero," malam ya ce Allah ya sa mun bar wa iyayensu ƙasusuwa. Wanda ya fi ɗaure masa kai shi ne "I am coming". Yaro zai faɗa ya juya ya fita abinsa, malam ya tsaya yana kallon ƙeyarsa.

Ni dai wanda har gobe nake ganin an zalunta shi ne wani abokina da ya rubuta "I goed to market". Da aka ja masa jan biro bai haƙura ba. Ya miƙe ya ce shi an koya masa cook, cooked, an koya masa play, played, to wane ne ya ba go izinin zama went? Malam ya ce haka abin yake, a haddace kawai. Abokina ya ce to in mouse ya zama mice, gidajen unguwarsu hice ne ke nan. Ya fi Bature gaskiya, amma sunan Goed ya bi shi har muka zauna NECO a 2000, shekarar da aka fara ta.

Masu karɓar tararmu fa? Nan ne daɗin yake. Siniya zai leƙo aji, hula a karkace, ya daka tsawa: "All of you both three, pollow me to the oppice!" Ka isa ka yi murmushi? Sai mu haɗiye, ido na kawo ruwa, har bayan firef, wato karatun dare. Da an kashe janareto sai Goed ya hau gadon sama, ya karkata hula, ya maimaita maganar da muryar mai ita. Wani ya toshe baki da filo, wani ya gangaro ƙasa.

Goed ne kuma ya ware bayan littafinsa na Social Studies yana tara irin waɗannan maganganu, kowace katoɓara da sunan mai ita da ranar da ya saki. Na siniyoyi sun fi shafi uku. Daren Asabar mukan ba shi cokalin madara ya karanto mana.

Ana haka wata Lahadi aka shigo binciken akwatuna neman rediyo, littafin ya faɗa hannun hedboi, wanda sunansa ne a layin farko. Abin da ya biyo baya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.