Godiya bayan gasar hoton itatuwa

Assalamu alaikum jama'a. Mun dawo gida lafiya daga bajekolin amfanin gona, kuma yaran lakwal ɗinmu sun zo na biyu a gasar ɗaukar hoto ta makarantu a kan itatuwa da noma. Alhamdu lillahi.

Godiyata ta farko ga Baba ce, dattijon da gonarsa ke bayan makabarta. Ranar da na kai yara gonar, kowannensu ya nufi babbar kuka da wayar aro a hannu, don a ganinsu hoton icce sai ƙato. Baba ya kira su, ya durƙusa gaban wani kututturen sabara da ya yi tofo. Ya nuna musu yadda yake zaɓar rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya ɗaura tsumma a jiki don makiyayi ya san mai shi na sonsa. Sassabin zamani ke nan, wanda ya faro a nan ƙasar Maraɗi wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa saiwoyin itatuwan da aka sare suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Yau ana lissafin fili ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, mafi yawa tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ni da nake koyar da wannan a allo, wallahi ban taɓa riƙe lauje na yi shi ba sai ranar.

Wata yarinya 'yar aji uku ta kwanta rubda ciki a cikin rairayi ta ɗauki hannun Baba riƙe da tofon, gawo na can baya ya yi kore shar a tsakiyar rani. Wannan hoton ne ya ci mana na biyu. Alƙalan gasa suka tambaye ta dalilin da ya sa manoma ke son gawo. Ta ce da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Daga bakin Baba ta ji, ba daga littafina ba. Baba, Allah ya ƙara girma, ya bar mana kai.

Iyayen da suka ba da aron waya har kwana uku, na san ba ƙaramin abu ba ne, na gode. Haka mai shagon caji da ya ƙi karɓar ko dala, da ma'aikacin gandun daji da ya gyara mana sunayen itatuwa, don mun so mu rubuta kalgo a ƙarƙashin hoton aduwa. Direban da ya jira mu har magariba, Allah ya saka.

Akwai kuma wasu mata masu rumfar zogale kusa da mu. Iska ta taso da azahar ta kwashe hotunanmu daga igiya, su ne suka bar kayansu suka bi su da gudu, suka ba mu allurai muka sake kafawa. Ko sunansu ban tambaya ba, kunya ta ishe ni.

Kyautar da muka samu butocin ban ruwa ne da dashen magarya, za mu jira saukar damina mu shuka. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu kai wa Baba hotonsa, mun sa an wanke masa babba.