Gidan Arewa: gidan Sardauna da takardun da ke cikinsa

Mazauna Kaduna da yawa suna wuce titin Rabah kullum ba tare da sun taɓa leƙa gida mai lamba 1 ba, alhali a nan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, muƙamin da ya riƙe daga 1954 har ƙarshen rayuwarsa. A nan ne kuma sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari kafin wayewar garin Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Da na shiga ɓangaren adana kayan tarihi, hotuna ne suka fi tsayar da ni. Ga Sardauna da rawaninsa cikin sarakuna, ga shi da ministocinsa, ga shi yana tarbar baƙi daga ƙasashen waje. Mutumin da tun muna yara muke jin sunansa a bakin iyayenmu sai ya fito a matsayin ma'aikaci mai ofis da jerin ayyukan da ke jiransa. Wanda ya san cewa a zamaninsa aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, aka buɗe jami'ar Zariya da gidan rediyon Kaduna a 1962, jaridar New Nigerian kuma ta fara fitowa makonni biyu kacal kafin rasuwarsa, zai dubi waɗannan fuskoki da wani ido dabam. Akwai kuma kayan al'adun al'ummomin Arewa, waɗanda suka dace a kai 'yan makaranta su gani.

Sai dai abin da ya hana wannan gida zama kufai yana ɗakunan da baƙi ba su cika tambaya ba. A 1970 aka mayar da shi cibiyar tattara tarihin Arewa da bincike a kansa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya ƙarar da rayuwarsa wajen koyar da tarihin ƙasar nan. A 1975 cibiyar ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Tun daga lokacin ake tara takardun gwamnati, da tsofaffin jaridu, da kundayen digiri, da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da aka samo daga gidajen malamai. Cikin irin waɗannan takardu ake samun wasiƙun sarakuna da hukunce-hukuncen alƙalai da waƙoƙin wa'azi, wato shaidar cewa mutanen wannan ƙasa suna rubuta al'amuransu tun kafin Turawa su iso. Sardauna kansa jinin Shehu Usman Ɗanfodiyo ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, saboda haka ina ganin babu ajiyar da ta fi dacewa da gidansa kamar tawadar malaman da suka gabace shi.

Wannan ne ya sa abin yake damuna. Takarda tana da abokan gaba a Kaduna: laimar damina tana sa ta ruɓe, ƙurar hunturu tana busar da ita har ta karye, gara kuma ba ta jiran kowa. Rubutun hannu da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, idan ya lalace ya tafi ke nan. Ɗaukar hotonsu a adana a kwamfuta yana buƙatar na'ura da wutar lantarki da ma'aikatan da suka iya karanta rubutun magabata, kuma duk waɗannan kuɗi ne. Manyanmu suna taruwa a zauren gidan su yi jawabai kan gadon Sardauna. Da za a karkatar da wani kaso na hidimar irin waɗannan taruka zuwa ɗakin takardu, da an ceci abubuwa masu yawa.

Ga iyalan da suka gaji akwatunan littattafan kakanninsu a Zariya ko Katsina ko Yola, suna tsoron rabuwa da su, ina roƙon su je su tattauna da ma'aikatan cibiyar kan yadda za a ɗauki hoton littattafan, asalin kuma ya ci gaba da zama a hannunsu.