Laraba, ranar da na zargi Auta

Barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta.

Da safe komai lafiya lau. Koko da ƙosai, wuta ta kai har ƙarfe goma, na ƙarasa mayar da manhajar shagon Kawu daga Python 2.7 zuwa 3.11, wato yaren kwamfutar da na rubuta ta da shi. Tun farkon 2020 masu ita suka daina kula da 2.7. An ce 3.11 ta fi 3.10 sauri da kusan kashi 25 cikin ɗari, kuma na ga alama, don rahoton masu bashi ya fito kafin in ajiye kofi. Har hoto na tura wa Kawu.

Bayan azahar Auta ta kira daga shago. Ta nemi sunan Hajiya mai atamfa, babu. Ta nemi wasu biyar, ɗaya kawai ya fito.

Na ce, "Me kika taɓa?"

"Wallahi Yaya ban taɓa komai ba."

Na ce mata kwamfuta ba ta goge abu da kanta, kuma ba yau ta fara danne-danne ba. Ina jin hayaniyar masu sayayya a bayanta, ke nan a gabansu na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya," ta kashe wayar. Wannan "to" ɗin ne ya hana ni barci.

Sai la'asar na gano. Ni na rubuta wurin da hannuna shekarun baya. Na raba sunayen abokan ciniki a fayil takwas, hash() ce take niƙa suna ta fitar da lamba, a raba lambar da takwas, ragowar ta nuna fayil ɗin da mutum zai zauna. A 2.7 suna ɗaya lamba ɗaya, yau da gobe. Amma tun 3.3, a 2012, duk buɗe manhaja sai Python ta zaɓi sabuwar lambar sirri ta cuɗa da haruffan. Kuma masu Python da dalilinsu: a Disambar 2011, a wani taro a Berlin, aka nuna yadda mugu zai turo dubban kalmomi masu faɗawa gurbi ɗaya har saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, ta durƙushe. Hajiya tana nan a fayil na uku, manhaja tana ƙwanƙwasa na shida. Rahoton safe duka takwas ɗin yake karantawa, shi ya sa bai nuna mini komai ba.

Na sa PYTHONHASHSEED=0, umarnin da ke hana Python cuɗa lambar sirrin. Lambobin suka daina sauyawa, amma ba su koma na da ba, don injin niƙan ma an canza shi: SipHash-2-4 tun 3.4, sannan SipHash-1-3 a 3.11, an rage zagayen niƙan saboda sauri. Ban ga laifinsu ba. Ba su taɓa yi wa kowa alkawarin lambar za ta tsaya ba.

Na koma crc32, wani injin niƙan da lambarsa ba ta sauyawa, na sake raba sunayen. Kafin isha'i kowa ya dawo, ko naira ɗaya ba ta ɓata ba.

Tuwon dare, miyar kuka. Ban ci da yawa ba.

Na kira Auta sau biyu ba ta ɗauka ba. Umma ta ce tun magariba ta shige ɗaki, wai kanta ke ciwo. Na rubuta mata saƙo na goge. Gobe ƙarfe takwas take buɗe shago, zan riga ta isa.